Akwatin Ba Da Wuta: Abin Da Muke Fara Haɗawa Da Ɗalibanmu

Jawabin da malaman kimiyya da fasaha suka gabatar a taron reshe



Muna godiya da aka ba mu wannan fili. Galibi idan mun taru a nan, maganar albashi da ƙarin girma da fansho ce take cinye lokacinmu, kuma ta cancanci ta cinye shi. Yau kuwa an yi mana izinin mu kawo wata magana dabam, wadda ta shafi abin da hannuwanmu suke yi tsakanin tashin makaranta da la'asar. Mu kaɗan ne, malaman kimiyya da fasaha na ƙananan makarantun sakandare, da muka ɗauki haɗa ƙananan kayan lantarki a matsayin abin sha'awa, har muka jawo wasu daga cikin ɗalibanmu cikinsa. Mun kawo wani ɗan akwati, ga shi nan a kan tebur, girmansa bai wuce na robar sabulu ba. Shi ne batun jawabinmu.

Yaro idan ya zo wurinmu, abin da yake so ya haɗa shi ne rediyo, ko fanka, ko mota mai tafiya da kanta. Mu kuwa sai mu ce masa ya dakata. Duk waɗannan abubuwa suna cin wuta, kuma kowannensu yana da irin wutar da cikinsa yake ɗauka. Wutar da take cikin soket ɗin bango ta fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, batir na ƙarewa kuma yana cin kuɗi. Don haka abu na farko da mai sha'awar wannan aiki yake bukata shi ne na'urar da za ta karɓi wutar da ake da ita, ta rage ta, ta miƙar da ita, ta tace ta, ta ba shi daidai gwargwado. Masu gyaran rediyo suna ce wa wannan sashe fawa. Mu muna ce masa akwatin ba da wuta. Wanda ya haɗa shi da hannunsa, ya kuma gane dalilin kowane abu da ke cikinsa, ya karanta rabin darasin lantarki na aji uku ba tare da ya sani ba.

Amma ba wannan ne ya sa muka nemi a ba mu fili ba. Abin da ya sa shi ne wani ɗalibinmu, yaro mai kaifin basira, wanda a bara ya kwance fitilar caji ta gidansu don ya ga abin da ke ciki, alhali tana soke a bango. Fitila ce ƙarama mai batir na bolt huɗu, saboda haka ya ɗauka duk abin da ke cikinta bolt huɗu ne. Ya kai yatsa, wuta ta fizge shi ta yar. Allah Ya kiyaye, ya tashi da ɗan ƙuna a yatsa da kuma tsoro. Da mahaifinsa ya zo makaranta, abin da ya fara cewa shi ne, “Malam, ku ne kuka koya masa.” Mun yi shiru, domin akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa: mu muka sa masa sha'awar, amma ba mu riga mun koya masa inda ake tsayawa ba. Za mu komo kan wannan fitila nan gaba, domin akwai irinta a gidan kusan kowa a zauren nan.

Bari mu fara da wutar kanta. Iri biyu ce. Akwai wadda batir yake bayarwa, mai tafiya ta fuska ɗaya kamar ruwa a kwata, daga kai mai alamar tarawa zuwa kai mai alamar ɗebewa. Ita ake kira DC, kuma ita ce abincin rediyo da wayar salula da kwamfuta da duk wani ƙaramin kayan lantarki. Alessandro Volta, mutumin Italiya, shi ya fara samar da ita a shekarar 1800 da tulin fayafayan ƙarfe iri biyu, kuma daga sunansa aka samo kalmar bolt. Sa'an nan akwai wadda take zuwa mana ta turakun kan titi, wadda har yanzu muke ce wa wutar NEPA ko da yake sunan ya daɗe da canzawa. Ita wannan kai-da-komo take yi kamar ƙoshiyar masaƙi, ta je ta dawo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma ƙarfinta a ƙa'ida bolt 230 ne. Ita ce AC. Idan muna yi wa yara bayani mukan ce bolt kamar tsayin tankin ruwa ne, amfiya kuwa yawan ruwan da ke gudu a cikin bututu, kuma idan aka ninka su biyun sai a sami wat, wato yawan aikin da wutar take yi ko yawan zafin da take haifarwa. Wannan lissafi na ƙarshe a riƙe mana shi, zai yi mana amfani.

Tambayar da yara ba sa rasa yi ita ce, tun da DC kayanmu suke ci, me ya sa ba a aiko mana da ita kai tsaye daga Kainji? Amsar tana cikin abu na farko da ke akwatin nan, wato taransifoma. Nannaɗin waya ne guda biyu a kan dunƙulen fallayen ƙarfe, kuma babu inda wayar ɗaya ta taɓa ta ɗayan. Idan wuta mai kai-da-komo ta bi nannaɗi na farko, sai ta haifar da maganaɗisu mai tashi da faɗuwa a cikin ƙarfen, shi kuma ya haifar da wuta a nannaɗi na biyu. Michael Faraday ne ya gano wannan a Ingila a 1831, wato shekara ɗari cif kafin a kafa Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya a 1931, ga mai son abin da zai tuna shekarun da shi. Yawan zagayen waya shi yake yanke ƙarfin wutar da za ta fito: idan nannaɗi na biyu ya fi na farko ƙarancin zagaye, wuta ta ragu daidai da wannan kaso. Da haka ake ɗaga wuta zuwa dubban bolt don ta yi tafiya mai nisa ba tare da asara mai yawa ba, da haka kuma ake sauko da ita a unguwa. Wutar batir ba ta iya wannan, domin maganaɗisun da ba ya motsi ba ya haifar da komai a nannaɗi na biyu.

Ƙaramar taransifomar da muke amfani da ita tana karɓar bolt 230 ta ba da bolt 9. Ana samun irinta a wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo a kasuwa irin ta Sabon Gari a Kano, ko a ciro ta daga tsohon rediyo mai kaset da ya mutu. Aiki biyu take yi mana, kuma na biyun ya fi na farkon muhimmanci. Tana rage wuta, kowa ya san wannan. Tana kuma raba yaro da wutar bango, tun da babu wata waya da ta haɗa ɓangaren 230 da ɓangaren 9, maganaɗisu ne kaɗai yake ƙetarawa.

Wutar da ta fito daga taransifoma ta ragu, amma har yanzu tana kai-da-komo. Mai miƙar da ita shi ne dayod, ɗan baƙin abu kamar ƙwayar shinkafa mai farin zobe a gefe ɗaya, wanda yake barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya ya hana ta komowa. Muna amfani da mai lamba 1N4007, wanda yake ɗaukar amfiya ɗaya, kuma yana da araha ƙwarai. Da dayod ɗaya za a sami rabin wutar ne kawai, ɗaya rabin ya tafi a banza. Idan aka jera huɗu a siffar da ake kira gada, to ko ta wace fuska wutar ta taho, biyu daga cikinsu za su buɗe su juyo da ita hanya guda. Kowane dayod yana karɓar ladansa, kimanin bolt 0.7, kuma tun da biyu ne suke aiki a kowane lokaci, bolt 1.4 ke nan ya tafi.

A nan ne mitar gwaji take ba yara mamaki, mu ma ta taɓa ba mu. Taransifoma ta ce bolt 9, an cire 1.4, sai mutum ya zaci zai ga bakwai da wani abu. Ana gama haɗawa sai mita ta nuna fiye da 11. Dalili shi ne 9 ɗin da aka rubuta wani irin matsakaici ne, amma ƙololuwar da wutar take kaiwa a kowane zuwa ta ninka wannan sau 1.414. Tara sau 1.414 ya ba da 12.7, a cire ladan dayod, saura 11.3. Mun ga yaron da ya ƙi jinin lissafi ya zauna yana maimaita wannan ninki da kansa, don kawai ya ga ko mita za ta ƙaryata shi. Idan ba a ɗora wa taransifomar wani nauyi ba ma, takan ɗan haura haka.

Abin da ya fito daga gadar dayod ya daina komawa baya, amma tsalle-tsalle yake yi, ya hau ƙololuwa ya faɗo ƙasa sau 100 a daƙiƙa. Idan aka ba rediyo wannan, gurnani kawai za a ji. Maganinsa kafasita, wadda tsofaffin masu gyara suke ce wa kondensa. Misalin da ya fi shiga kan yara shi ne randar tsakar gida. Mai ga-ruwa ba ya tsayawa yana zuba ruwa dare da rana, zuwa yake yi ya juye ya tafi, amma mutanen gida suna sha a kowane lokaci domin randa ta riƙe. Kafasita randa ce da mai ga-ruwanta yake zuwa sau 100 a daƙiƙa. Tsakanin zuwa da zuwa ruwan yana ɗan sauka, kuma yawan saukar ya danganta ga girman randar da yawan masu sha. Lissafinsa mai sauƙi ne: a raba amfiyar da ake ja da 100, a sake raba abin da aka samu da girman kafasitar. Idan muna jan rabin amfiya daga kafasita mai maikurofarad 2200, wutar za ta riƙa sauka da kimanin bolt 2.3 kafin a sake cika ta. Wato daga 11.3 ta gangaro zuwa 9, ta koma.

Gargaɗi biyu game da ita. Tana da kai da gindi, an ja layi a gefen ƙafar ɗebewa, kuma idan aka juya ta takan kumbura ta fashe. Mun taɓa yin wannan kuskure a gaban aji, mu da kanmu, ƙarar ta sa malamin ajin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo, ɗakin ya cika da wari da tarkacen takarda. Yaran sun yi mako guda suna ba da labari, amma tun daga ranar babu wanda ya sake sa kafasita bai duba layin ba. Na biyu, an rubuta iyakar bolt ɗin da take ɗauka a jikinta. A wannan aiki mai 25 muke sawa, don a bar sarari.

Saura mataki na ƙarshe. Muna da wuta mai yawo tsakanin 9 da 11, alhali abin da muke so bolt 5 ne tsayayye, irin wanda yake fitowa daga kafar USB. Mai wannan aiki shi ne regileta mai lamba 7805, baƙin abu mai ƙafa uku da ɗan faranti a bayansa. Idan ka fuskanci rubutun, ƙafafu suna ƙasa, ta hagu ita ce shiga, ta tsakiya ita ce ƙasa, ta dama ita ce fita. Lambobi biyu na ƙarshe su ne bolt ɗin da yake bayarwa, don haka 7809 tara yake bayarwa, 7812 kuma goma sha biyu. Aikinsa kamar na mai awo ne da yake share tozon mudu: ko nawa aka tula, abin da ya daidaita da baki shi zai miƙa. Ana sa masa ƙananan kafasita biyu dab da ƙafafunsa, ɗaya a shiga ɗaya a fita, don ya zauna lafiya. Sai a ƙara jan ƙwan LED da razista mai om 330, wanda zai ja kusan miliamfiya 9 ya nuna cewa akwati yana raye.

Littattafan da ake rubutawa a ƙasashen waje a nan suke tsayawa. Mu kuwa a nan matsalarmu take farawa, domin akwai abubuwa biyu da marubutan ba su zauna da su ba: wutarmu da zafinmu.

Mai awo yana bukatar tozo kafin ya share. Shi 7805 sai wutar da ke shigarsa ta fi ta fitarsa da kimanin bolt 2, wato kada ta taɓa sauka ƙasa da 7. A lissafinmu na ɗazu ƙasan ta 9 ne, lafiya lau. To amma wannan lissafi ya ɗauka cewa bolt 230 ne a bango. Kowa a nan ya san daren da ake kawo wuta ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyi kamar mai jin barci. A ce wutar ta sauka zuwa 180. Taransifoma ba ta san komai ba sai kaso, saboda haka 9 ɗinta ya koma 7. Ƙololuwa ta zama kusan 10, a cire ladan dayod saura 8.6, a cire saukar randa saura 6.3. Mun faɗa ƙasa da 7. Regileta ya rasa abin sharewa, tsalle-tsallen ya ratsa shi, rediyo ya soma gurnani, ƙaramar kwamfutar gwaji ta riƙa mutuwa tana tashi. Yaro zai yi ta neman kuskure a haɗinsa alhali haɗin daidai yake. Mun ɓata makonni kafin mu gane wannan, kuma mitar da muka soka a bango ce ta faɗa mana. Gyaran da muka yi shi ne ƙara girman randa: da kafasita mai maikurofarad 4700 saukar ba ta wuce bolt ɗaya da kaɗan, ƙasan ya tsaya a wajen 7.5, akwati ya jure.

Mai saurin tunani zai ce, to a sa taransifoma mai bolt 12 mana a huta. Mun gwada. Tozon da mai awo ya share yana komawa cikin buhu, amma wanda regileta ya share zafi yake zama. Da taransifoma mai 12, wutar da ke shiga regileta ta kai wajen 15. A cire 5, saura 10, a ninka da rabin amfiya, wat 5 ke nan na zafi, alhali abin da ya isa ga na'urar da muke ciyarwa wat biyu da rabi ne. Wato abin da aka ƙona ya ninka abin da aka ci. Shi kuwa wannan ɗan abu, idan ba a ɗaura masa komai ba, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da digiri 50 ko fiye, a kan zafin ɗakin da yake ciki. A tuna kuma ɗakunan ajinmu masu rufin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a inuwa. An gina shi da dabarar kashe kansa idan ya yi zafi da yawa, don haka ba ya ƙonewa nan take, sai dai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa. Ko da taransifoma mai 9 zafin ya kai wat biyu da rabi, ya fi ƙarfinsa shi kaɗai. Dole a ɗaura masa farantin alminiyum da kusa mai zare don ya kwashe zafin. Mu daga tsofaffin talabijin muke cirowa, kuma mun taɓa yanka murfin tukunyar alminiyum da ta huje, ya yi aiki sarai.

Wanda ya ƙware a wannan, sai mu ba shi LM317, wanda ake iya juya wutarsa daga bolt 1.25 zuwa sama. Razista biyu ne suke yanke abin da zai bayar: a raba na biyu da na farko, a ƙara ɗaya, a ninka da 1.25. Idan na farko om 240 ne, na biyu 720, an sami 5. Idan na biyu 1500 ne, an sami 9 da ɗigo. A sa razista mai murɗawa a gurbin na biyu, an sami akwatin da zai ciyar da kusan duk abin da ɗalibi zai haɗa. A kula dai, jerin ƙafafunsa ya saɓa da na 7805, kuma farantin bayansa a haɗe yake da ƙafar fita, don haka kada ya taɓa jikin akwatin ƙarfe.

Da yawa daga cikin makarantunmu ba su da wutar bango ko kaɗan, kuma wannan tsohon ciwo ne. Iyayenmu da ke zauren nan sun tuna lokacin da aka shigo da tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, aka kawo injinan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu ɗakin aiki. Abin da ya bambanta yau shi ne faifan sola da batir mai bolt 12 sun shiga ƙauyuka. Wutarsu DC ce tun asali, saboda haka babu bukatar taransifoma ko gadar dayod. A nan muka fi son ɗan allon da ake sayarwa a haɗe mai lamba LM2596. Shi ba ya share tozo ya ƙona. Yana buɗe wuta yana rufewa sau 150,000 a daƙiƙa, yana ɗiban abin da ake bukata kawai, don haka zafinsa kaɗan ne kuma batir ya fi daɗewa. Akwai ɗan abin murɗawa a jikinsa, a daidaita shi da mita kafin a haɗa masa komai. A sani kuma faifan da aka rubuta wa 12 yakan ba da fiye da bolt 20 a tsakar rana idan babu nauyi a kansa, don haka daga batir ake ɗaukar wuta. Bolt 12 ba ya fizgar mutum, amma batir irin na mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya idan wayoyinsa biyu suka haɗu, waya ta yi ja, roba ta kama da wuta. Fis mai amfiya ɗaya ko biyu, dab da kan batir, shi ne abu na farko da ake sawa.

Yanzu mu koma kan fitilar yaron nan. Da muka buɗe ta, babu taransifoma a ciki. Don a rage tsada, masu ƙera irin waɗannan fitilu sukan sa kafasita guda a kan hanyar wutar bango ta rage gudunta, daga nan sai dayod, sai batir. Kafasita mai maikurofarad ɗaya a kan bolt 230 tana barin kimanin miliamfiya 70 su wuce, abin da ya isa cajin ƙaramin batir. Dabarar tana aiki muddin komai yana rufe cikin roba. Amma babu abin da ya raba cikin fitilar da wutar bango. Mita za ta nuna bolt huɗu tsakanin kawunan batir, alhali tsakanin kowane ɗayansu da ƙasar da mutum yake tsaye a kai ana iya samun wutar bango. Na'urorin kariya da ake sawa a gidaje suna yanke wuta ne a miliamfiya 30, domin daga wajen nan wuta take iya rikita bugun zuciya. Wannan haɗi yana yawo a hotunan bidiyo na intanet da sunan hanya mai araha ta samun DC ba tare da taransifoma ba, kuma yaranmu suna kallo. Muna roƙon iyaye da ke nan, idan kun ga yaro ya buɗe fitilar caji, ku fara duba ko an zare ta daga bango. Ko bayan an zare, kada ya taɓa ƙarafan filogin nan take, domin kafasitar takan riƙe wuta na ɗan lokaci.

Tun daga wannan abu muka kafa wa kanmu ƙa'ida, kuma muna so reshe ya san da ita don ya tsaya mana idan wata magana ta taso. Ɗalibi ba ya taɓa ɓangaren 230. Malami ne yake haɗa taransifoma da filogi da fis, ya rufe su a akwatin roba da kusoshi, wayoyi biyu masu bolt 9 kawai suke fitowa, daga nan aikin yaro yake farawa. Inda aka sami tsohuwar adaftar kwamfuta mai kyau, wadda galibi bolt 19 take bayarwa, sai mu yi amfani da ita tare da LM2596 ba tare da an buɗe ta ba. Ba a haɗa wuta sai malami ya bi haɗin da ido, an kuma gwada da mita. Ba ma barin yara su kwance batiran tsohuwar kwamfuta, domin irinsu idan aka huda ko aka yi musu caji fiye da kima suna kamawa da wuta. Sai maganar dalmar liƙi, wadda yawancinta kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma. Yara sukan riƙe ta da baki idan hannuwa sun cika, mun ga masu gyara manya ma suna yi. Wanda ya tuna ɗaruruwan yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010, sanadiyyar niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje, ya san dalma ba abin kai wa baki ba ce, ko da abin da ke cikin wayar liƙi bai kama ƙafar wancan ba. Ana liƙi taga a buɗe, ana wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Wani abokin aikinmu, malamin Hausa, ya tambaye mu ribar wannan wahala alhali ana sayar da caja a kowane lungu. Gaskiyarsa, akwatin nan bai fi cajar kasuwa araha ba, kuma ya fi ta nauyi. Abin da muka gani shi ne yarinyar da ta haɗa shi, idan aka zana alamar dayod a takardar jarrabawa, ta san abin da take kallo, domin ta taɓa juya shi ta ga ƙwai ya ƙi kamawa. Mun daɗe muna koyar da dokar Ohm da alli, yara suna haddacewa kamar karatun allo suna mantawa bayan jarrabawa. Da mita a hannu, su suke kawo mana tambaya. Shi kuwa yaron fitila, mahaifinsa ya bar shi ya dawo bayan mun je gida mun zauna da shi mun nuna masa akwatin da aka rufe. Yanzu shi muke sawa ya yi wa sababbin shiga bayanin abin da ya sa ba a buɗe fitilar caji tana soke, kuma yakan nuna musu tabon yatsansa.

Abin da muke nema daga reshe kaɗan ne. Muna da mitar gwaji biyu tsakanin makarantu biyar, muna yawo da su a jaka. Idan kwamitin walwala zai duba yiwuwar ƙara mana uku, kowace makaranta ta sami tata. Muna kuma roƙon duk wanda yake da mataccen rediyo, ko tsohon talabijin, ko adaftar kwamfuta da aka daina amfani da ita, kada ya ba 'yan gwangwan tukuna, ya kawo ofishin reshe, akwai kwali da muka ajiye a bayan ƙofa. Malaman firamare da suke son koyo, musamman 'yan uwanmu mata, waɗanda har yanzu biyu kawai muke da su, muna zama kowace Asabar daga ƙarfe goma zuwa azahar. Akwatin yana nan a kan tebur tare da mita, duk mai so ya matso bayan an tashi ya gwada da hannunsa, ɓangaren wutar bango a rufe yake.